Bakan gizo a fitilar mota: yadda matsin ido ke taɓa gilashin gaban ido

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni matuƙin adaidaita sahu ne, shekarata 47, ina zaune a Kurna. 'Yan watannin nan, wasu dararen in na taso daga Bata zan koma gida, sai in ga kowace fitilar mota da zobe mai launin bakan gizo, idona na dama ya yi hazo-hazo, goshina ya riƙa sarawa ta wannan gefen. In na yi barci na tashi da asuba sai in ga garau. An zo duba ido kyauta a unguwarmu, aka hura min iska a ido, aka ce awona 19, lafiya ƙalau. Ita kuma mahaifiyata hawan jinin ido ne ya makantar da ita, amma har gobe in ka kalli idonta fes yake, ba fari ba komai. Wani ya ce min matsin ido ne ke ɓata gilashin gaban ido. To in haka ne, me ya hana nata ɓaci, ni kuma da aka ce nawa daidai ne nake ganin hazo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Bari in fara da abin da ba zai jira ka gama karanta dogon bayani ba. Zoben bakan gizo a ido ɗaya, da hazo, da ciwon goshi, su zo da dare su tafi bayan barci, haɗuwarsu alama ce da likitan ido ba ya wasa da ita. Ka je asibitin ido cikin makon nan, kada 19 ɗin nan ta kwantar maka da hankali. Hukunci sai an ɗora ka a kan na'ura, amma labarinka kaɗai ya isa a ce ka tashi tsaye.

Wanda ya ce maka matsi na ɓata gilashin gaba bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya ba ka. Matsin da ya hau farat ɗaya kuma ya yi sama sosai, shi ke dusashe gilashin. Wanda ya hau sannu a hankali cikin shekaru yana iya cinye jijiyar gani kakaf, gilashin nan ko gezau. Ke nan kai da Hajiya kuna iya kasancewa a gida ɗaya ta fuskar cuta, amma ƙofar da kowa ya shigo daban.

Gilashin da ake nufi shi ne koniya, fatar nan mai garai-garai da ta ɗan taso ta rufe baƙin ido. Faɗinta bai wuce milimita 12 ba, kaurinta a tsakiya ya ɗan ɗara rabin milimita. Duk da ƙanƙantarta, ita ke yin mafi yawan aikin tanƙwara haske ya taru a bayan ido. Ƙarfin ido gaba ɗaya kusan dayofta 60 ne, wato a ma'aunin da ake rubuta lambar tabarau da shi, koniya ita kaɗai tana da wajen 43, ragowar kuma na madubin can ciki ne, wanda in ya yi fari ake ce masa yana. Tabarau ɗin karatu da dattawa ke saya a bakin kasuwa lambarsa 2 ce ko 2.5, sai ka kwatanta da 43. Shi ya sa ɗan abu kaɗan in ya taɓa koniya, mai ido yakan sani nan take.

Abin da yakan ba ɗalibai mamaki shi ne, da koniya da farin ido abu ɗaya aka yi su, wasu zaruruwan nama da ake kira kolajin. Haske ba ya ratsa farin ido saboda zaruruwansa wani mai kauri wani siriri, kuma a cukurkuɗe suke, sai hasken ya watsu ta ko'ina. Na koniya kuwa duk kai ɗaya ne, kowanne kaurinsa wajen nanomita 30, wato kashi 30 cikin miliyan na milimita, an jera su shimfiɗa kan shimfiɗa sama da 200, tazarar da ke tsakanin zare da zare kusan daidai wa daida. Wannan tazara ta gaza tsawon zangon hasken da ido ke gani nesa ba kusa ba, domin shi tsakanin nanomita 400 da 700 yake. Saboda haka hasken da wani zare ya watsa gefe sai na maƙwabcinsa ya kashe shi, wanda ya miƙe gaba kaɗai ke wucewa. Wani mai bincike, David Maurice, shi ya fitar da wannan bayani a Landan a 1957, kuma duk gyare-gyaren da aka yi masa daga baya ba su rushe tushensa ba. Ka riƙe wannan, don duk sauran maganar a kansa take: garai-garai ɗin koniya daga jerin zaruruwan ya fito. Duk abin da ya ɓata jerin zai kawo dusashewa. Matsi kuma hanya biyu yake ɓata shi, ko ya ja zaruruwan, ko ya tura musu ruwa.

Ta farko kana iya ganinta da idonka ran Babbar Sallah. Kafin a kai kan rago babbaka, ka sa a ciro maka ido ɗaya da ɗuminsa, ko ka roƙi na saniya wurin mahauta a Abbatuwa. Ka ɗauraye shi, ka riƙe shi tsakanin babban yatsa da manuniya, gabansa na kallon haske. Za ka hango cikinsa tar. Sai ka matse shi da ƙarfi daga baya. Kan ka ce kwabo gilashin gaban ya koma toka-toka mai ratsin shuɗi, abin da ke bayansa ya ɓace. Ka saki, ya washe nan take. Ka sake matsawa, ya sake dusashewa. Babu ruwan da ya isa ya shiga ya fita cikin wannan ɗan lokaci. Abin da ya faru shi ne shimfiɗun ba su miƙe daidai da juna ba, wasu sun ɗaure tamau wasu da saura, sai haske ya riƙa cin karo da bambanci daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa. Shuɗin da ka gani kuwa, haske mai gajeren zango ya fi saurin watsuwa, kuma shuɗi ne mai gajeren. Likitoci kan ga irin wannan a ɗakin tiyata in matsi ya yi tsalle ana cikin aiki. A idon rago na ce, ba naka ba.

Masu bincike sun bi wannan hanya sun yi nisa. In aka sa koniya tsakanin gilasan nan biyu masu tace haske ta fuska ɗaya, wani baƙin gicciye kan bayyana a cikinta da zobba masu launi a gefe, kuma zanen yakan canza in an canza yadda ake jan ta. Da shi suke gane inda zaruruwan suka fi ɗaurewa. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, ba abin da za a yi maka a asibiti ba.

Sai batun siffa, don mutane kan ɗauka matsi in ya ƙaru koniya za ta ƙara tasowa lambar tabarau ta canza. A idon babba abin bai taka kara ya karya ba. Kolajin yana ɗan miƙewa da fari, daga nan sai ya ƙage, gwargwadon jan da aka yi masa gwargwadon taurinsa, kuma a bakin iyakar baƙi da fari akwai zaruruwa da suka kewaye koniya suka riƙe ta. In awon matsi ya tashi daga 12 zuwa 20, ko ma sama da haka, ba za ka ga wani canjin a zo a gani a lambar tabarau ba. Inda siffa ke lalacewa sosai shi ne in matsin ya faɗi. Ido na bukatar matsinsa, shi ke ɗame koniya ta yi sumul. In ya sauka ƙasa da 5 ko makamancin haka, bayan rauni ko bayan tiyatar rage matsi da ta zubar da ruwa fiye da kima, sai bayan koniya ya yamutse, lanƙwasarta ta karkace, irin abin da masu tabarau ke gyarawa da lambar silinda. Wannan ne dalilin da ake ce wa wanda aka yi wa aikin gilakoma, wato hawan jinin ido, ya dakata wata 2 ko 3 kafin ya yanki sabon tabarau. Wanda ya yi gaggawa kuɗinsa ya zubar.

Hanya ta biyu, ta tura wa koniya ruwa, ita ce taka, in zatona ya yi daidai. Abin da ke hawa a ido ruwa ne, ba jini ba, kuma na'urar awon hawan jini ta hannu ba ta san da zamansa ba. Bayan labulen ido, wato naman nan mai launin ƙasa da ramin gani ke tsakiyarsa, akwai inda ake tatso wani ruwa garai-garai dare da rana, kamar maikirolita 2 da rabi a kowane minti (maikirolita kashi 1 ne cikin miliyan na lita). Yana biyowa ta ramin ya cika ɗan ɗakin da ke bayan koniya, ya ciyar da ita tunda ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, sannan ya fice ta wata magudana mai raga da ke kusurwar da labulen ya haɗu da koniya. In shiga da fita sun daidaita, matsi kan tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'aunin mmHg, yawancin mutane wajen 15 ko 16. In magudana ta toshe, tatsar ba ta tsayawa.

Ita kuma koniya ƙishirwa gare ta. Tsakanin zaruruwanta akwai wasu sinadarai masu zuƙar ruwa, waɗanda in an bar su za su sha har ta ninka kaurinta ta yi fari fat. Ƙarfin zuƙar nan a koniya mai lafiya ya kai 50 zuwa 60 a wannan ma'auni dai. Abin da ke hana ta cika cikinta shi ne shimfiɗa ɗaya tak ta ƙwayoyin halitta masu kusurwa shida da ke manne a bayanta, wajen 2,500 zuwa 3,000 a kowane murabba'in milimita na idon babba. Aikinsu famfo ne: suna tura gishiri baya zuwa cikin ido, ruwa na bin sa. Da haka ruwan koniya ke tsayawa a kashi 78 cikin 100, ba ƙari. Ta gaba kuma akwai wata shimfiɗar, ta waje, wadda ƙwayoyinta na sama suka liƙe da juna gam don kada hawaye ya shigo.

To ka ga inda rikicin yake. In matsin cikin ido ya yi tsalle ya kai 50 ko ya wuce, ya fi ƙarfin zuƙar naman tsakiya ke nan, ya kuma fi ƙarfin famfon. Sai ruwa ya ratsa ta tsakiya ya nufi waje, ya iske ƙofa a rufe, domin liƙin da ke hana hawaye shiga shi ne dai ke hana wannan fita. Sai ya taru tsakanin ƙwayoyin shimfiɗar waje. Wasu masu bincike biyu, Dohlman da Ytteborg, su suka bayyana wannan lissafi a 1965, kuma abin da suka nuna ya yi daidai da abin da muke gani: a irin wannan hali naman tsakiya ba ya kumbura sosai, tunda matse shi ake yi, fatar sama ce ke jiƙewa. In aka ɗora haɓar mai wannan ciwo a na'ura mai siririn haske, abin da likita zai fara lura da shi shi ne ƙyallin ido ya tafi. Hoton fitilar da ya kamata ya fito da kaifi a kan koniya sai ya fito a dagule. In ya ƙara girman hoton sai ya ga ɗigo-ɗigon ruwa birjik, ƙanana ƙwarai, sun rufe fuskarta har ba ya iya hango labulen da kyau. Akwai dabara. Bayan an kashe zafin idon, sai a ɗiga gilisarin tsantsa. Shi ma mai zuƙar ruwa ne, yana janye ruwan ta waje, cikin 'yan mintoci koniya ta washe har a samu a leƙa kusurwa. Na ɗan lokaci ne, in matsin bai sauka ba hazon zai dawo.

Bakan gizon daga nan yake fitowa. Ruwa da ƙwayar halitta ba ƙarfin tanƙwara haske ɗaya gare su ba, kuma ƙwayoyin kusan girmansu ɗaya, wajen maikiron 10, wato kashi 10 cikin dubu na milimita, a jere reras. Farin hasken fitila in ya ratsa irin wannan jeri sai ya rabu launi-launi, kowane launi da kwanar da yake fita. Ja ya fi buɗewa, shi ya sa yake zoben waje, shuɗi na ciki kusa da fitilar, kore da rawaya a tsakani. Da rana ba ka lura da shi sosai, hasken gari ya danne shi. Sai da dare, fitila ɗaya mai ƙarfi a cikin duhu.

Yanzu Hajiya. Irin gilakomar da ta fi yawa a ƙasar nan kusurwarta a buɗe take, ragar magudanar ce ke cushewa kaɗan-kaɗan. Matsi kan tashi daga 18 zuwa 24 zuwa 30 cikin shekaru. Wannan bai kai ƙarfin zuƙar koniya ba, kuma famfon mai lafiya yana samun sararin sabawa. Akan ga mai matsin 40 da koniya fes in a hankali ya kai can. Jijiyar gani ba ta da wannan haƙurin. Zaruruwanta sun haura miliyan 1, suna fita ta wata 'yar ƙofa a bayan ido, a nan matsi ke shaƙe su, kuma wanda ya mutu ya tafi ke nan. Gefe-gefen gani ke fara tafiya, ba ciwo, ba ja, ba hazo, mutum yana karatun Alƙur'aninsa lafiya lau yana tuntuɓe da buta. Babban binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin mutum 100 masu shekara 40 zuwa sama, 5 na da gilakoma, mafi yawansu irin wannan mai shiru, kuma waɗanda suka san suna da ita ba su fi 1 cikin 20 ba da wani abu mai yawa. Ita ce ta biyu bayan yana wajen makantarwa, da kusan kashi 17 cikin 100. A ganina kyan idon nan shi ya fi komai cutar da mutanenmu. 'Yan uwa su kalli idon tsoho su gan shi garau, su ce ai wannan ba na asibiti ba ne, sammu ne ko iska, a yi ta yawo har ɗan abin da ya rage ya ƙare. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Naka labarin ya fi kama da kusurwa mai ƙunci da ke rufewa tana buɗewa. A duhu ramin gani kan buɗe, labulen ya tattare zuwa gefe. In ɗakin gaban idonka ƙarami ne, tattararren labulen sai ya toshe bakin magudana, matsi ya haura cikin awa ɗaya ko biyu, koniya ta jiƙe, goshi ya ɗauka. In ka yi barci ramin ya tsuke, labulen ya janye, ruwa ya wuce, famfo ya kwashe abin da ya taru kafin kiran assalatu. An fi samun haka bayan shekara 40, lokacin da madubin ciki ya ƙara kauri ya turo labulen gaba, da kuma masu ɗan gajeren ido waɗanda suka fara neman tabarau ɗin karatu da wuri. Hatsarin biyu ne. Kowace rufewa na iya barin labulen manne a wani sashe na magudanar har abada. Sannan akwai daren da za ta rufe ta ƙi buɗewa.

Ba kowane zobe ne na matsi ba, kuma kana iya tacewa tun a bakin titi. Ka faka, ka fito daga bayan gilashin mashin, tunda ƙurar hunturu da maiƙo a gilashi ko a tabarau su ma suna yi wa fitila rawani. Ka ƙifta da kyau, ka wanke ido. Zoben da kwantsa ko majinar ido ta kawo yakan tafi da ƙiftawa. Zoben da yanar ido ke kawowa yana nan kullum dare, ba ya zuwa da ciwon kai, barci kuma ba ya kore shi. Ka rufe ido ɗaya, ka sake rufe ɗayan, ka tabbatar wanne ne. Akwai kuma tambayar da zan yi maka da kana gabana: wane magani kake ɗigawa? Masu aikin titi da yawa in ƙura ta ja musu ido sai su shiga kemis a ba su maganin ɗigawa mai sitiroyid, irin su dexamethasone ko betamethasone. Yana faranta ido sha yanzu magani yanzu, shi ya sa ake komawa. Amma kusan mutum 1 cikin 3 matsinsa na hawa in ya yi makonni yana amfani da shi, wajen 5 cikin 100 kuma nasu kan yi sama ƙwarai, har ya kai ga irin wannan hazo.

Saura 19. Dalilin farko mai sauƙi ne: da rana aka auna ka, lokacin da kusurwar ke buɗe. Ko a ido mai lafiya matsi na hawa da sauka da maki 3 zuwa 6 a yini. An ma daɗe da sanin cewa kusan rabin masu gilakoma, in sau ɗaya aka auna su, awonsu ba ya haura 21.

Dalili na biyu ya dawo da mu kan koniya. Babu mai soka allura cikin ido don ya auna matsi a asibiti, ta kan koniya ake dannawa a kintata abin da ke bayanta. Kai da kake fama da taya kullum ka san wannan. In ka danna taya da babban yatsa, abu biyu yatsan ke ji a haɗe, iskar ciki da taurin roba. Sabuwa mai kauri za ta ji maka tauri ko da iskarta ta yi ƙasa, wadda ta suɗe kuwa za ta ɗan loɓa ko da mai faci ya cika ta. Na'urar da aka fi yarda da ita ita ce ta Hans Goldmann, likitan birnin Bern na ƙasar Suwizalan, tun shekarun 1950. Ana ɗiga maganin kashe zafi da wani rini rawaya, a kunna shuɗin haske, sai wani ɗan kan roba ya taɓa tsakiyar koniya ya baje da'ira mai faɗin milimita 3.06. Likita na hango rabin zobe biyu kore shar, yana murɗa maɓalli har bakinsu na ciki ya haɗu, sai ya karanta lamba. An zaɓi wannan faɗi ne don a nan jan hawaye da turjiyar koniya ke kashe juna, amma bisa zaton kaurin koniya wajen rabin milimita ne ga kowa. Ba haka yake ba. Wani nasa maikiron 480, wani 600. Mai kauri awonsa kan fito sama da gaskiya, a tsorata shi a banza. Mai siririya nasa kan fito ƙasa, a sallame shi da cuta. Na'urar hura iska ma wannan matsala na damun ta, har ta fi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a matsakaici koniyar baƙar fata ta fi ta Turawa sirantaka da maikiron 20 zuwa 30. Wani babban bincike a Amurka kan mutum 1,636 masu matsi sama da kima, wanda sakamakonsa ya fito a 2002, ya nuna masu kaurin 555 zuwa ƙasa sun ninka masu sama da 588 har sau 3 wajen kamuwa da gilakoma. Akwai jadawalin da wasu ke amfani da shi su ƙara ko su rage maki gwargwadon kauri. Ni ban cika dogara da shi ba, tunda kauri daban tauri daban. Hujja ma ita ce koniyar da ta sha ruwa: ta fi kauri, amma ta yi laushi, sai awonta ya fito ƙasa da gaskiya. Haka wanda aka goge wa koniya da leza don ya rabu da tabarau, awonsa zai riƙa fitowa ƙasa har ƙarshen rayuwarsa, dole ya riƙa faɗa wa duk mai auna shi.

Hazon dare ɗaya yana washewa, amma ba kyauta ba. Ƙwayoyin famfon nan ba sa haihuwa a jikin ɗan Adam. Kullum raguwa suke, ƙasa da kashi 1 cikin 100 a shekara, in ɗaya ta mutu maƙwabtanta su faɗaɗa su rufe gurbin. Matsi mai tsanani da ya kwana biyu ko uku bai sauka ba yana kashe su da yawa a tashi ɗaya. In suka ragu zuwa wajen 500 a murabba'in milimita famfo ya gaza, koniya ta kumbura dindindin ko da matsi ya dawo daidai, har ta riƙa yin ƙuraje masu ruwa suna fashewa da raɗaɗi. Wanda famfonsa ya raunana kuma, matsin 30 ma ya isa ya kawo masa hazo.

Tunda cutar na gidanku, ka sa ido a kan yara, don su dokarsu daban. Kolajin jariri bai ƙage ba, har wajen shekara 3 matsi na iya buɗa idon gaba ɗaya. Koniyar sabon haihuwa wajen milimita 10 ce. Wadda ta wuce 12 kafin shekara ɗaya abin tuhuma ce, balle in ga hawaye, ga gudun haske, ga dusashewa. Fatar bayan koniyar kan tsage don ba ta iya miƙewa kamar sauran, ta bar layuka da ake kira da sunan Otto Haab, likitan Zurich, kuma ba sa gogewa. Abin takaici, dara-daran idanun nan yabo suke sha wurin 'yan barka. An fi ganin haka inda auren zumunci ya yi yawa, maganinsa kuma tiyata ce da wuri. Sai yaran nan masu ƙaiƙayin ido da farinsa ya koma ruwan ƙasa. Kowace murza da gaɓar yatsa tana harba matsi sama na ɗan lokaci tana kuma lanƙwasa koniya, in an shekara ana yi takan sirance ta yi tsini, tabarau ya kasa gyara ganin. Su ne kuma aka fi ɗura wa sitiroyid na kemis. Na uku, yaron da danƙo ko bulala ta samu a ido har jini ya kwanta a bayan koniya: in matsi ya hau ya yi kwanaki, yana tura launin jinin cikin namanta, ta rine ta yi watanni ko shekaru kafin ta washe. In yaron na da sikila, ko da ɗauke da ita kawai yake, a gaya wa likita tun a bakin ƙofa, domin jijiyarsa ba ta jure matsi kamar ta sauran, kuma akwai maganin rage matsi da ba a ba shi.

A Kano ba ka rasa wurin zuwa ba: sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Asibitin Murtala, Asibitin Ido na ECWA, ko Asibitin Makka. Ka ba da labarin kamar yadda ka ba ni, musamman cewa da dare yake zuwa barci ya kore shi, kuma mahaifiyarka ta makance da gilakoma. Ka nemi a duba kusurwar idon da ɗan madubin da ake ɗorawa a kan ido, ana ce wa gwajin goniyoskofi, kuma a yi shi kafin a ɗiga maka maganin buɗe ramin gani, don shi kansa yana iya rufe ƙuntatacciyar kusurwa. A auna matsi da na'urar Goldmann, a auna kaurin koniya, a leƙa jijiya, a yi awon faɗin gani. In kusurwar ce, akan huda ɗan ƙaramin rami a gefen labulen da leza, aikin mintoci ne ba kwanciya, kuma galibi ido biyun ake yi wa don ƙirarsu ɗaya.

Kafin ka samu zuwa, daren da zoben ya fito ka ajiye mashin, kada ka ɗauki fasinja da ido ɗaya. Ka guji magungunan mura masu sa barci da na murɗar ciki irin su Buscopan, suna buɗe ramin gani. In kuwa idon ya yi ja, ciwon ya tsananta har da tashin zuciya ko amai, gani ya faɗi, wannan ba maleriya ba ce kuma ba a kai shi safiya, a daren za a tafi asibiti. Ranar zuwa ka tafi da duk kwalaben da ka taɓa ɗigawa, har waɗanda suka ƙare, da katin asibitin Hajiya in yana nan. Yayyenka da ƙannenka da suka kai 40 su ma kowa ya je a duba jijiyarsa, ko da ba ya jin komai.